Haɗa kyandir a gida: yadda za a auna kaki, lagwani da ƙamshi

Duk wanda ya ajiye kyandir, wato buji, a shago cikin watan Afrilu ko Mayu a Maradi ko Damagaram ya san abin da zafi ke yi masa: yana lanƙwashewa, ya manne da ɗan'uwansa, mai saye ya duba ya ajiye. Mata da matasa da dama sun fara gwada haɗa shi a gida, wasu don ɗaukewar kuran, wasu don neman na cefane, kuma yawancin asarar da ake yi ba daga rashin kyawun kaya take zuwa ba. Daga awo take. An saba da tiya da gwangwanin tumatir wajen gero da shinkafa, sai a ɗauka haka za a yi wa kaki. To kaki ba hatsi ba ne.

Dalili kuwa, gwangwani ɗaya na kakin da aka fasa manya-manya da gwangwani ɗaya na wanda aka kankare ƙanana ba nauyinsu ɗaya ba, saboda iskar da ke tsakanin gutsattsarin. Shi ya sa ake auna kaki da sikeli, a lissafa komai da giram. In babu sikeli a gida, a je wurin mai shago ko mahauci ya auna kilo guda cif, a narkar da shi a cikin gwangwanin da za a riƙa aiki da shi, a ja layi da ƙusa daidai inda ya tsaya. Daga ranar wannan layi ya zama ma'auninku. Ƴan'uwa da ke Kano, Legas, Abijan ko Turai masu tambayar abin da za su aiko wa mai wannan sana'a: ƙaramin sikelin kicin mai batir ya fi mata amfani a kan kwalaben turare.

Nawa mazubi zai ci? A nan ruwa zai taimaka, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A toshe gindin mazubin, a cika shi da ruwa, a juye a auna. Farin kakin kanti, wanda ake kira farafin, bai kai ruwa nauyi ba, don haka sai a cire kashi ɗaya cikin goma. Mazubin da ya ci giram 200 na ruwa zai ci 180 na farafin. Kakin zuma ya ɗan fi nauyi, kusan 190. A bar mazubin ya bushe ƙarau kafin a zuba masa kaki, saboda ɗigon ruwa ɗaya na sa kyandir tartsatsi.

Ga misalin da mai sayarwa zai riƙe. Kyandir mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 20 yana cin kusan giram 56. Kenan kilo guda zai ba da 17, amma a lissafa 16 saboda abin da ke maƙalewa a tukunya. A haɗa kuɗin kaki da zare da gawayi a raba gida 16, a ga nawa kowane ɗaya ya tsaya kafin a yanka farashi. Mutane da yawa sukan sayar da kilo biyu ko uku kafin su gane cewa uwar kuɗin suke ci.

Akwai kuma abin da ke ba sababbin shiga mamaki. Kaki yana kumbura in ya narke, yana kuma tsukewa in ya huce, sai a wayi gari a tarar da rami a tsakiyar kyandir kewaye da lagwani. Ba a yi kuskure ba, halinsa ne. Kada a yi tsammanin duk abin da aka auna zai shiga a zubin farko. Abin da ya rage a tukunya a ajiye shi, in saman ya daskare a sake narkarwa a cike ramin.

Yanzu maganar lanƙwashewa. Farafin iri-iri ne, yawancin wanda ake kyandir da shi yana narkewa ne tsakanin digiri 55 da 60, amma tun kafin ya kai nan yake yin laushi, kuma ɗakin kwano da rana tsaka a bazara yana wuce digiri 40. Maganinsa sitiyarin, wani farin gari mai santsi da ake samu daga kitse ko manja, wanda ba ya narkewa sai kusan digiri 70. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 10 cikin 100: giram 900 na farafin, giram 100 na sitiyarin. A namu zafin muna ganin gara a kai shi 150 a kan 850 ga kayan da za su daɗe a shago. In aka zarce kashi 20 kyandir ya zama mai gautsi, yana faɗuwa ya karye. Sitiyarin na kuma taimaka masa ya zare daga bututun ƙarfe ba tare da wahala ba.

Wanda bai samu sitiyarin ba, kakin zuma na nan. A ƙauyukan da ake ɗaura amya, sau da yawa in an matse zuma sai a watsar da saƙar, alhali kuɗi ne. A dafa ta cikin ruwa, a tace da tsumma, a bari ya kwana, kakin zai taso sama ya daskare. Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, kuma yana ci a hankali. Kashi ɗaya nasa cikin kashi huɗu na farafin ya isa ya gyara kyandir, sai dai yana da danƙo, dole a shafa wa mazubi ɗan man gyaɗa. Man kaɗe kuwa, da ake yawan tambaya a kansa, ɗumin jiki ma yana narkar da shi. Ba ya shiga kyandir mai tsayawa da kansa. Wurinsa kyandir na cikin kofi ko gwangwani, kashi ɗaya a kan kashi uku na kakin zuma.

Ƙamshi shi ne inda hannu ke zarcewa. Giram 30 zuwa 60 na turare mai mai ya ishi kilo guda, wato babban cokali biyu zuwa huɗu. Sirinjin famasi mai lamba ya fi cokali daidai. Abin da ya wuce haka kaki ba ya riƙe shi, sai ya tsattsafo kamar gumi, ya yi hayaƙi, yana ma iya kama wuta gaba ɗaya. A zuba bayan an sauke tukunya, a juya minti biyu. Turaren fesawa akwai alkol a cikinsa, kada a kusantar da shi. Kalar abinci da galura ba sa gauraya da kaki, sai kala mai narkewa cikin mai. Masu sa sitaronel don sauro su sani yana ɗan rage su ne kawai, bai ɗauke wa yara kwana cikin sange ba.

Lagwani ba shi da lissafi ɗaya da zai yi wa kowa, sai gwaji. Zaren auduga zalla ake kitsawa, domin na leda narkewa yake yi. A tsoma shi cikin narkakken kaki, a miƙar ya bushe, a bar rabin santimita a sama. Kafin a zuba kilo guda, a yi kyandir uku da kauri uku, a kunna su awa ɗaya a wurin da babu iska. Wanda harshen wutarsa ya yi tsawo da baƙin hayaƙi, lagwaninsa ya yi kauri. Wanda wutarsa ta ƙanƙance ta nutse cikin kaki, ya yi siriri. Kakin zuma kullum yana son lagwanin da ya fi na farafin kauri, don haka in an canza haɗi a sake gwajin, a rubuta a littafi.

Wajen narkarwa, kada a ɗora kaki kai tsaye kan gawayi. A sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, ta haka ba zai wuce zafin tafasar ruwa ba. In ya kama wuta a rufe da murfi ko a zuba yashi. Ruwa watsa wutar yake yi. Kuma farafin na kyandir daban, kananzir daban, duk da a wasu ƙasashe suna ɗaya ake kiransu da shi. Ko ɗigo ɗaya na kananzir kada ya shiga tukunyar.