Kafin Ka Yi Wa Tsohuwar Land Rover Fenti, Duba Birkinta

Daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun akwai waɗanda kan sayi tsohuwar Land Rover da ta daɗe a jingine, su gyara ta, su aika gida don jigilar amfanin gona. Dabara ce mai kyau. Tun 1948 aka fara ƙera wannan mota a Solihull ta ƙasar Ingila, kuma samfurin Series III, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, har yanzu akan ci karo da shi. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu ya san irin aikin da take yi.

To, amma abin da aka saba gani a gareji shi ne mai mota ya zuba kuɗi a kan inji da fenti, birki kuwa sai a ɗura mai a ce ya yi. Jikin motar na alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take ruɗin ido. Bututun birki kuwa na ƙarfe ne, damshin Kudu ba ya ƙyale shi, balle iskar teku ta Ikko. Ga shi kuma da yawa daga cikin tsofaffin nan hanyar mai ɗaya ce tak ke kai wa tayoyi huɗu. Watau in bututu guda ya fashe a gangare, birki ya tafi gaba ɗaya. Saboda haka a sake bututun duka, har da na roba.

Shi kansa man birki yana shan ruwa daga iska. In mota ta shekara biyar a ajiye, ruwan nan ya riga ya ci cikin masta da silindojin tayoyi, sabuwar roba ba za ta zauna a kan ƙarfen da ya yi ramuka ba. A zuba DOT 3 ko DOT 4 daga sabon gwangwani. Man inji yana kumbura roba. Ruwan sabulu da waɗansu direbobi kan zuba in sun maƙale a hanya kuwa, lalle ganganci ne da rai, domin ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, a taka a ji wayam.

In an cire daram aka tarar da shu ya jiƙe da man giya, robar da ke tare mai a gindin taya ce ta mutu. Ita za a fara sakewa. Wanke shu da fetur ba ya fid da man da ya riga ya sha, sai dai sabo, kuma dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda. Kada bakanike ya hure ƙurar da baki ko da iskar famfo, tsofaffin shu suna da asbestos mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen sayen kaya a Ladipo ko Agodi Gate, a tafi da tsohon a hannu. Gajeriyar, mai inci 88, daram ɗinta inci 10 ne, sai daga 1980 aka mai da na gabanta 11. Doguwar, mai inci 109, inci 11 ne, kuma kowace tayar gaba silinda biyu gare ta. A nan iska kan ɓuya ta wahalar da mutane.

Fid da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa, ɗaya na buɗe noti, ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. Bayan an gama, ƙafarka za ta gaya maka gaskiya. In birki ya yi laushi kamar soso, da sauran iska. In ya nutse sa'an nan ya yi tauri a taku na biyu, shu ne ke son saiti. In kuwa ka danne yana sulalewa ƙasa a hankali, mai na zuba a wani wuri, ko kuwa masta ce.

Birkin hannu na wannan mota ba a taya yake ba, yana bayan akwatin giya ne, yana riƙe sandar da ke juya tayoyin baya. Don haka in an ɗaga tayar baya ɗaya da jak, motar na iya gangarawa ko da an ja shi. A sa waigi a sauran tayoyin tukuna kafin yaron gareji ya shiga ƙarƙashi.