Koyon ɗinkin bargo ta intanet: darasi kyauta, kaya da kuɗi

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata ƴan kasuwa da teloli, yau shafin namu zai leƙa Amurka ne, wajen wata sana'ar allura da zare da intanet ta sauya wa kama tun wajen shekarar 2009. Abin da ake ɗinkawa Turawa suna ce masa kwilt. Bargo ne mai hawa uku: a sama ƙananan ƙyallaye ne masu launi iri iri da aka harhaɗa, a tsakiya auduga shimfiɗaɗɗiya, a ƙasa kuma yadi guda. Sai a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Wannan ɗinki na ƙarshe shi ne zancenmu, domin ba a yin shi kara zube. Zane ake fitarwa da shi: ganye, gashin tsuntsu, tsakuwa, dodon koɗi, ko layi mai yawo kamar hanyar tururuwa.

Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ko a Dosso ya san irin aikin ko da bai san sunan Turawan ba. Lifidin da ake sa wa dawakin sarki haka yake, yadi sama, yadi ƙasa, auduga ko audugar rimi a tsakani, an bi shi da ɗinki. Bambancin dai shi ne namu don kare doki da mahayi daga kibiya aka yi shi, nasu kuwa don sanyi da ƙawar gado.

A Amurka, shekaru da dama, da hannu ake wannan ɗinki, kuma wadda ta yi da keke kallon raguwa ake yi mata. A shekarar 1989 ne wata mata mai suna Caryl Bryer Fallert ta ci babbar kyautar gasar da ake yi a garin Paducah, jihar Kentucky, da bargon da ta ɗinka da keke. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa wannan ba sana'a ba ce, zamba ce. Yau kuwa mafi yawan masu sana'ar can da keke suke yi.

To yaya ake zane da keke, alhali mun san keke gaba kawai yake jan yadi? Sirrin yana ga haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura. Ana sauke su, ko a rufe su da ɗan faranti, a cire ƙafar da ke danne yadi a sa wata mai tsalle tare da allura. Daga nan keke ya daina ja, hannun mai ɗinki ne ke kai yadin gaba da baya, dama da hagu, kamar an kafe alƙalami ana juya takarda a ƙarƙashinsa. Tsawon kowane ɗinki ya dogara ne ga daidaita saurin ƙafa da saurin hannu. Hannu ya fi sauri, ɗinkin ya fito manya manya har ya kama yatsa. Ƙafa ta fi sauri, zare ya taru wuri guda ya tsinke. In an sha kwana da gaggawa kuma, sai a juya bayan yadin a tarar zaren sama ya zubo kamar gashin ido. Telolinmu masu aikin wuyan riga da keke sun san wannan sarai, don kusan hannu ɗaya ne. Su ne ma muke ganin za su riga kowa kamawa.

Irin wannan ilimi ba ya shiga ta littafi sosai, sai an ga hannu yana motsi. Shi ya sa da bidiyo ta samu shiga intanet, sana'ar ta bunƙasa. A 2009 wata matashiya a jihar Karolina ta Arewa, Leah Day, ta ɗaukar wa kanta alkawarin ƙirƙiro zane 365, kowane da ɗan bidiyonsa kyauta. Aikin ya ɗauke ta fiye da shekara guda, amma ta cika shi. Abin da bidiyo ta fi malamin aji da shi shi ne ba ta gajiya. Ki tsayar da ita, ki mayar baya sau goma, ki rage mata sauri, ba mai yi miki tsawa.

Labarin da ya fi dacewa da ƴan kasuwa kuwa shi ne na Jenny Doan. Uwa ce mai ƴaƴa 7, tana zaune a Hamilton, wani ɗan gari a jihar Misuri da bai kai mutum 2,000 ba. A 2008, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya rushe, abin da ita da maigidanta suka tara don tsufa ya narke. Sai biyu daga cikin ƴaƴanta, Alan da Sarah, suka ci bashi suka saya mata babban keken ɗinkin bargo, irin mai dogon hannu. Shi wannan keke ba a kan tebur yake ba, a kan wani gadon ƙarfe yake mai tsawon mita 3 zuwa 4. Ana ɗaure bargon a miƙe, kan keken ne ake tuƙawa a bisansa. Tsadarsa dubban daloli ce, kuma masu shi aikin kuɗi suke yi wa jama'a, ana biya gwargwadon faɗin bargo. Suka buɗe shago mai suna Missouri Star Quilt Company, ciniki bai taka kara ya karya ba. A 2009 ɗan ya fara ɗaukar uwar a bidiyo tana koyarwa, yana sakawa a YouTube. Miliyoyin mutane suka kalla. Cikin ƴan shekaru kamfanin ya buɗe shaguna sama da 10 a wannan ɗan gari, ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, baƙi suna zuwa da motoci cike. A 2015 hukumar ƙananan sana'o'i ta Amurka ta ba Alan da Sarah lambar yabo ta ƙasa.

Duk wadda ta taɓa ɗanɗana wa mai saye ƙuli-ƙuli ko kilishi kafin ciniki ta riga ta gane dabarar. Darasin Jenny Doan kyauta ne, amma a ƙarshen darasi mai kallo yana son ainihin ƙyallen da ya gani a hannunta, kuma shagon yana da shi, an yanka an ɗaure, sai dai a biya a aiko. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mu ba mu ga laifi a nan ba, kasuwanci ne mai tsabta, har ma muna ganin ya kamata masu sayar da atamfa da zare a babbar kasuwar Maradi ko kasuwar Dole su yi nazarinsa. Amma mai koyo daga nan ƙasar ya kamata ta sani cewa kusan kowane darasi yana tafe da jerin kayan saye: wuƙar yanka mai taya, ma'auni na musamman, safar hannu, zare mai suna, keke mai kwamfuta. In ta ɗauka sai da waɗannan ake iyawa, za ta karaya tun ba ta fara ba, ko ta zuba jarinta a kayan da ba za su mayar da kuɗinsu ba. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, da tsofaffin wandunan gona da buhunan abinci suka riƙa ɗinka nasu. A 2002 aka baje su a manyan gidajen tarihi na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan tamburan gidan wayar Amurka.

Akwai kuma darussan biya, kuma a nan sai an buɗe ido. Kamfanin Craftsy, wanda ya fara a Denver a 2011, ya yi suna wajen sayar da darasi cikakke, daga farko har ƙarshe, tare da damar yi wa malama tambaya. An gaya wa masu saye cewa darasin nasu ne har abada. A 2017 babban kamfanin telebijin NBCUniversal ya saye mafi yawan hannun jarin, aka sauya suna zuwa Bluprint, sai ga shi a watan Mayu na 2020 an ba da sanarwar rufewa. Hankalin waɗanda suka zuba kuɗi ya tashi. Allah ya taimake su wani kamfani, TN Marketing, ya saye kayan ya maido da tsohon sunan. Darasin da ke ajiye a rumbun wani, ba a cikin wayarki ba, tamkar kayan da kika bari a shagon maƙwabci ne. Ga shi kuma da katin banki ake biya, wanda mafi yawanmu ba mu da shi. Shawararmu ita ce kada a biya ko dala ɗaya sai an gama cin amfanin na kyauta, kuma yawansu ya isa mutum shekara.

Wahalhalun da ke jiran mai koyo a nan ba ɓoyayyu ba ne. Darussan da Ingilishi ake yin galibinsu. YouTube yana iya fitar da fassara da Faransanci a ƙasan hoto, ko da yake fassarar kan yi tuntuɓe, kuma gaskiya hannu ake kallo fiye da baki. Awonsu da inci ne, mu kuwa santimita muka saba: inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma rubu'in incin da suke bari a bakin kowane ƙyalle kusan milimita 6 ne. Bidiyo tana cin forfe kamar wuta a busasshiyar ciyawa, don haka gara mata uku ko huɗu su haɗa kuɗi, a kalla tare a waya ɗaya, a rage ƙarfin hoton. Sai maganar kuran. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, teloli masu keken lantarki suka yi zaman jira. Tsohon keken ƙafa, Butterfly ko Singer, yana yin wannan aiki in an rufe haƙoransa, sai dai yana neman haƙuri, don ƙafa da hannu kowanne da nasa kiɗan.

Malaman duk bakinsu ɗaya a kan yadda ake farawa. A zana zanen da biro a takarda, ba tare da ɗaga hannu ba, har hannu ya haddace shi. Sannan a haɗa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu, hawa uku, a gwada. Na farko da na biyar duk za su fito a karkace, wannan ba abin kunya ba ne. In an zo babban aiki, a kama hawa ukun da fil mai kulle ko da dogon ɗinkin hannu, a fara daga tsakiya a yi waje, in ba haka ba yadin ƙasa zai tattare. Mu ƙara da namu: a wanke ƙyallayen atamfa kafin a haɗa, don wata tana zuba wata tana tsukewa, kuma kada a gama auduga da leshi ko yadin roba a bargo ɗaya. In babu shimfiɗaɗɗiyar auduga a kasuwa, tsohon bargo marar nauyi ko zane biyu suna iya zama tsakiya. Audugar katifa in an baza ta da hannu, sai an matse ɗinkin sosai, don wanki ɗaya ke dunƙule ta.

Saura tambayar da kowace ƴar kasuwa za ta yi: wa zai saya? A nan ne muke ganin bai kamata a kwaikwayi Amurka ido rufe ba. Su suna da sanyin wata biyar ko shida, mu kuwa hunturunmu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sauran shekara mutum neman iska yake. Kuma barguna na Sin da na bosho sun cika kasuwa a farashin da mai ɗinkin kwana goma ba za ta iya bi ba. Wadda ta ce za ta yi gasa da su a araha, ta yi asarar zarenta da kwanakinta. Inda muke ganin ƙofa shi ne ƙananan kaya da kayan da ake saye don a gani: shimfiɗar jariri ta ranar suna, rigar matashin kujera, jakar hannu, jakar kwamfuta ta ƴan lakkwal da ma'aikata, da rufin gadon amarya wanda aka yi da ragowar ankon bikinta, abin da babu wani kwantena daga waje da zai kawo irinsa. Kayan aikin kuwa suna nan zube ƙarƙashin teburin kowane tela, musamman a makon salla, ana sharewa ana kai wa bola ko a cusa a matashi. Wadda ke da niyya ta je ta yi magana da telan unguwarsu tun yanzu ya riƙa tara mata a buhu, ta ware na auduga gefe guda, kuma tun daga gwajin farko ta riƙa rubuta awa nawa kowane aiki ya ci mata, don da wannan lissafi za ta yanke farashi.