Ko Kun Sani?

Jikin mutum yana adana insulin ne a haɗe da sinadarin zink, kuma masu ciwon suga sukan zubar da zink mai yawa ta fitsari. Shi ya sa masana suka gwada ba su ƙwayoyinsa. Bincike da dama ya nuna kitsen jini, wato kolestarol, yakan ragu kaɗan, amma ƙiba ba ta cika sauka ba. A kula: namiji baligi miligiram 11 na zink yake buƙata a rana, mace kuwa 8. Wanda ya daɗe yana shan fiye da miligiram 40 a rana zai iya hana jikinsa ɗaukar sinadarin tagulla, har kitsen jini mai amfani ya ragu. Kada a fara shan ƙwayoyin zink sai an tuntuɓi likita.