Makarantar da Birnin Fatake Ya Riƙe Kusan Shekara 500

Hambug babban birnin kasuwanci ne a arewacin Jamus, inda jiragen ruwa ke sauke kaya dare da rana. Fataken garin sun daɗe da gane cewa dukiya ba ta zama a hannun jahili. A shekarar 1529 mahukuntan birnin suka buɗe wata makarantar sakandare, irin wadda muke kira lise, mai suna Yohaneyum. Ita ce makaranta mafi daɗewa a garin.

Wani malamin addinin Kirista, Yohanes Bugenhagen, shi ya aza harsashinta a cikin tsohon gidan ibada na Yohana, inda ta samo sunanta. Da farko yara maza kaɗai ake ɗauka, ana koya musu Latinanci da Girkanci da addini da waƙa. Shahararren mai kiɗan nan Teleman ya shugabanci sashen waƙa daga 1721 har rasuwarsa a 1767. Da wuri ya yi mata kaɗan, aka maida ta sabon gini a 1840, sannan a 1914 ta koma unguwar Wintahude. Har yau tana nan, maza da mata suna karatu.

Me ya haɗa mu da ita? A 1832 wani ɗan kasuwa ya kai ɗansa Hainrish Bart wannan makaranta. Yaron ya ƙware a harsuna, daga baya ya iya Larabci. Shi ne baƙon da kakanninmu suka sani da Abdulkarim. Ya shiga Agadas a 1850, ya ratsa Tasawa zuwa Kano a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Ya koyi Hausa, ya zaga kasuwanni, ya rubuta farashin kaya da hanyoyin ayari. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu. Littattafansa na cikin abin da masana ke dogara da shi kan cinikin ƙasar Hausa na wancan zamani.

Uban Bart yana da ikon tsare shi a shago, amma ya bar shi ya yi karatu. Ƴan kasuwa, maza da mata, kafin ku cire yaro daga aji don jiran rumfa ko talla, ku tuna da wannan. Ilimi gishirin zaman duniya.