Bado, dattijon da ke kwance a tafki

Duk wanda ya taɓa ratsa fadamar Haɗeja da Nguru bayan damina ya san bado: faffaɗan ganye shimfiɗe a kan ruwa kamar faifai, farin fure na leƙowa ta tsakani. A shekarun fari, ƙwayarsa da saiwarsa sun rufa wa gidaje da yawa asiri, amma da an ƙoshi sai a manta da shi. Masana tsirrai kuwa kallon dattijo suke yi masa.

Tsirrai masu fure sun kai iri 300,000, tun daga gero har kuka, kuma duk tsatsonsu ɗaya. Abin da ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne gane reshen da ya fara ɓallewa daga gindin zuriyar. Sai a 1999 binciken ƙwayoyin gado ya warware zaren. Na farin wani ɗan itace ne mai suna Amborella, wanda ba a samunsa a dajin ko'ina sai tsibirin Sabuwar Kaledoniya, can cikin tekun Fasifik. Shi kaɗai ya rage a gidansu, ba wa ba ƙane, jikinsa ma ba shi da irin bututun jan ruwan da yawancin masu fure ke da shi. Daga shi sai dangin bado. An tono burbushin furensu a ƙasar Fotugal wanda ya haura shekara miliyan 100.

A nan ake yawan kuskure. Badon yau ba kakan gero ba ne. Ɗan'uwa ne da ya raba gari da sauran tun da sassafe, shi ma ya yi ta sauya kama a nasa ɓangaren.

Binciken ya kuma kunyata ido. Akwai furen ruwa na Indiya da Sin da ake kira Nelumbo, wanda in ka gan shi za ka rantse bado ne. Ashe kama da wane ba wane ba ne: danginsa na kusa manyan itatuwa ne na tudu. Wasu 'yan tsirarun tsirrai kuma na kududdufan Ostareliya, da ko tsawon yatsa ba su kai ba, shekara da shekaru ana lissafa su cikin dangin ciyawa. Sai a 2007 aka gano 'yan gidan bado ne, aka mayar da su ɗakinsu.