Ko Kun Sani?

Ajiya tana cin mota fiye da tafiya. A Dakoro, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, batir ne ke fara mutuwa, domin duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin zubewar cajinsa ko ba a tayar da injin ba. Shi ya sa mai tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, zai kyauta in ya cire wayar batir kafin ya ajiye ta ya yi doguwar tafiya.

A canza baƙin mai kafin ajiya, don tsohon yana ɗauke da datti mai cin ƙarfe. A ɗora motar bisa katako, tayoyi su huta, kada ƙasansu ya baje. A saki birkin hannu kada ya manne, a sa waigi. A toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓeraye da ƙurar hunturu, a tuna a cire shi kafin a tayar. Rumfa mai shan iska ta fi leda, wadda ke tara zafi ta ɓata fenti.