Faifai guda, waƙar awa goma sha ɗaya

A shekarun 2000, wanda ya shiga tashar mota a Maraɗi yakan tarar da masu sayar da faya-fayan waƙa sun baje kayansu bisa tebur. Direba zai sayi faifai guda, ya sa shi cikin rediyon motarsa, ya kama hanyar Yamai. Ya wuce Ƙwanni, ya wuce Dogon Dutsi, ya wuce Doso, faifan bai ƙare ba. Kaset kuwa, mai tsawon ma, bayan minti 45 sai an juya ta. Yaya aka yi waƙoƙi masu yawa haka suka shiga cikin ɗan faifai ɗaya?

Wannan faifai sunansa CD, mutane suna ce masa sede. Ya fito kasuwa a 1982. Kamfanoni biyu ne suka haɗa kai suka ƙera shi: Philips na ƙasar Holand da Sony na ƙasar Japan. Faɗinsa santimita 12 ne. A jikinsa akwai wani siririn layi wanda ido ba ya gani. Layin ya nannaɗe daga cibiya zuwa baki, kamar yadda mata suke ɗinka faifan kaba. In da za a warware shi, zai fi kilomita 5. A tsohon garmaho allura ce take bin layi. A sede wani haske ne mai tsini, wanda ake kira lazar.

Abin da hasken yake karantawa lambobi ne, 0 da 1 kaɗai. Lokacin ɗaukar murya, na'ura tana auna ƙarfin sauti fiye da sau dubu 44 cikin sakan guda, tana rubuta kowane awo da lambobi. Lambobin suna da yawa ƙwarai. Shi ya sa waƙar minti 80 take cika faifai maƙil.

Wasu masana a garin Erlangen na ƙasar Jamus suka yi shekaru suna neman dabarar rage waɗannan lambobi. Da abokan aikinsu na wasu ƙasashe suka fitar da wata hanya, aka amince da ita a 1993. A 1995 aka raɗa mata suna MP3.

Dabarar tana cikin kunnen ɗan Adam. Kunne ba ya jin duk abin da ya shiga cikinsa. A filin kokowa, in makaɗa suka saki ganguna, ko sauro ya yi kuka kusa da mutum ba zai ji ba. Kukan yana nan, amma ganga ta danne shi. Akwai kuma sautin da ya cika siranta, wanda kare yake ji, mutum ba ya ji. To, kwamfuta tana bin waƙa guntu-guntu, tana tsince irin waɗannan sautuka tana zubarwa, kamar mai sheƙar hatsi. Abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, amma mai saurare da wuya ya gane an taɓa waƙar.

Ana auna wurin da lambobi suke ci da wata tiya mai suna mega. Waƙar MP3 ta minti guda tana cin kamar mega 1. Faifai yana ɗaukar mega 700. Ke nan minti 700. A raba da 60, a ga awa nawa ne.

Sai dai abin da aka zubar ba ya dawowa. In aka matse waƙa fiye da kima, muryar mawaƙi takan yi kamar yana magana cikin tulu, kalangu kuma ya rasa zaƙinsa.

Faifan da ake zuba waɗannan waƙoƙi sunansa CD-R. Ana sayen sa babu kome a ciki. Yana da wani ɗan rini a ƙarƙashin robarsa. Hasken kwamfuta yana ƙona rinin ɗigo-ɗigo, ɗigon nan su ne lambobin. Wurin da ya ƙone ya ƙone ke nan, ba a gogewa.

Ba kowace rediyo ba ce take iya karanta shi. Tsohuwar na'urar sede takan juya faifan, ta juya, ta yi shiru. Mai ita ya zaci an sayar masa da faifai marar kyau, ya koma kasuwa da faɗa. Alhali faifan lafiya lau yake. Na'urar ce ba ta san yaren ba. Sai wadda aka rubuta MP3 a goshinta, don ita tana da ɗan sashen da yake kwance lambobin da aka matse, ya mai da su sauti. Wasu irinta sukan karanta waƙa tun kafin lokacinta ya zo, su ajiye a cikinsu. Saboda haka ko mota ta faɗa gargada, waƙar ba ta yankewa.

Yanzu wayar hannu da ɗan katin ajiya sun kori faifai daga tasha, ko da yake waƙoƙin da ke cikinsu sau da yawa MP3 ɗin ne. Amma a gidaje da dama akwai tsofaffin faya-fayai cikin akwati. Wani yana ɗauke da waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Wani kuma yana ɗauke da abin da babu shi a kasuwa: wa'azin limamin gari, ko muryar kaka tana ba da tarihin gida. Rinin CD-R ba ya shiri da rana da zafi. Faifan da aka bari a gaban mota yakan mutu ba tare da ya fashe ba. Ƙarzuwa a gefen da ake rubuta suna ta fi haɗari, don lambobin sun fi kusa da nan. In faifai ya yi ƙura, a share shi da tsumma mai laushi, daga cibiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Wanda yake da irin wannan faifai, gara ya kai shi wurin mai kwamfuta a juye masa muryar a wani wuri, tun hasken yana iya karanta ta.